Bangon Kompadre

Abundio mutum ne da in abu ya shiga ransa ba ya iya haɗiye shi. Shekara ashirin da ɗoriya yana tuƙa tasi a unguwar Iztapalapa, kuma babu fasinjan da ya taɓa sauka daga motarsa bai san sunan matarsa ba, da ciwon gwiwarsa, da abin da ya karya da shi da safe. Don haka da maganar motar lantarki ta kama shi, kafin mako ya zagayo rabin unguwa ta ji.

Yana da hujjarsa, ba za a hana shi wannan ba. Tsohuwar motarsa ta gaji, tana hayaƙi kamar murhun ɗanyen itace, kuma dokar hayaƙi ta hana ta fita rana guda a kowane mako, in iskar gari ta ɓaci a ƙara mata wata ranar. Motar lantarki kuwa babu ranar da aka hana ta titi. Hukumar birni ta ce duk ɗan tasin da ya miƙa tsohuwar motarsa aka niƙe, za a tallafa masa ya ɗauki sabuwa, ya riƙa biya a hankali. Abu ɗaya ya rage masa, inda zai riƙa yi mata caji.

Shi da matarsa Ofelia a hawa na huɗu suke, a ɗaya daga cikin dogayen benayen nan masu gida kan gida. Ita tana yin alawar ƙanƙara tana sayarwa a ƙofar makaranta, firizoginta biyu sun cinye rabin falo. Motoci a ƙasa suke kwana, kowace cikin kejinta na ƙarfe, a filin tsakar gida da maƙwabta suka yanyanka tun zamanin iyayensu. Kejin Abundio yana jingine da bangon Baldomero mai walda, wanda ke zaune a hawan ƙasa, ya mai da ɗakin gaba wurin aiki. In kamfanin wuta zai sa wa Abundio mita tasa ta kansa, dole waya ta taso daga turken titi ta bi jikin bangon nan. Baldomero kuwa ba bare ba ne. Abundio ne ya riƙe 'yarsa Noemí a gaban fada, limamin cocinsu, ranar baftismarta, kuma tun daga ranar suka bar kiran juna da suna, sai kompadre, sunan da uban yaro da ubansa na baftisma ke kiran juna da shi. Kowa ya san ba a kallon idon kompadre a ce masa a'a.

Da Abundio ya ga dama, da ya ƙwanƙwasa masa ƙofa wata ranar Litinin, su biyu rak, ya tambaye shi. Amma ina! Shi mutum ne mai son a yi abu da shaidu da tafi. Sai ya jira bikin cikar Noemí shekara goma sha biyar, bikin da shi ya ɗauki nauyin makaɗa. An kafa rumfa a tsakar gida, an ci kaza da miyar mole har an ture, yarinya ta yi rawa da mahaifinta ta yi da Abundio, ubanta na baftisma. Hannunsa bai gama sakin nata ba ya karɓi abin magana daga mawaƙi.

"Kompadre, yau a gaban jama'a zan roƙe ka abu," in ji shi. "Bango nake so ka ara mini. Ba duka ba, faɗin yatsa biyu, in bi da wayar sabuwar motata."

Baldomero yana riƙe da kofi a bakinsa, ya daɗe bai sauke ba. Ya dubi matarsa, ya dubi Doña Petronila, tsohuwar da ke shugabantar mazauna benen, sannan ya fashe da dariya ya buɗe hannuwa.

"Bango? Haba kompadre, ka ba ni kunya! Ni na zaci gidan gaba ɗaya za ka ce. Ɗauki bango, ɗauki taga, ɗauki surukata ma, kyauta na ba ka!"

Wuri ya kaure da shewa, makaɗa suka buga, mazan biyu suka rungumi juna suna bubbuga baya. Abundio har da ƙwalla.

Da safe Ofelia tana zuba masa kofi ta ce, "Tsoho, da ka bari sai bayan damina."

"Me ya haɗa damina da mota?"

"Ni dai da ka bari."

"Ku mata duk abin da ba ku tarar a ɗakin uwarku ba tsoronsa kuke ji. Ba da kunnenki kika ji kompadre ba?"

Ta ce ta ji, ta koma wajen firizoginta.

Ya kai tsohuwar mota da kansa, ya tsaya yana kallo injin ya danne ta ta koma kamar gwangwanin da babbar mota ta taka. Ya ɗan ji wani iri, don a cikinta ya kai mahaifiyarsa asibiti zuwanta na ƙarshe. Amma da sabuwa ta iso, fara da ruwan hoda, ya manta da komai. Fada ya yayyafa mata ruwan albarka, maƙwabta suka leƙo ta tagogi, shi kuwa ya yi ta zagaya tsakar gida da ita yana cewa, "Ku saurara! Kun ji wani abu? To tana kunne!"

Daga nan aka shiga jira. Ya sauka wajen Baldomero ya ce ma'aikatan kamfani na son su zo su auna bango. Baldomero ya ɗaga gilashin walda ya ce, "Sosai ma, kompadre. Bari in gama ƙofar nan ta mutane, mako mai zuwa." Mako mai zuwa bangon yana jiƙe, ba a huda jiƙaƙƙen bango. Wanda ya biyo baya surukarsa ba lafiya, ƙarar huda za ta tayar mata da hawan jini. Kowane uzuri da murmushi yake zuwa, da dafa kafaɗa, wani lokaci har da kwalbar lemo mai sanyi. Abundio ya girma a garin nan, shi kansa ya sha yi wa mutane irin wannan "to" ɗin da ba ta da ranar cika. Amma ko a mafarki bai kawo cewa shi ake yi wa ba.

A tsakanin nan motar tana buƙatar wuta kullum, ba ta san da uzuri ba. Wurin caji mafi kusa yana can ƙarƙashin wani babban kanti a unguwar masu hali, tafiyar da ita kanta take cin batir. Injin caji uku ne, ɗaya ya mutu tun ba a san rana ba, ɗaya yana yi yana ƙi, na ukun kuwa kullum da motar wani mai kuɗi a jikinsa, ya jona ya hau sama kallon fim. Maigadin wurin ya ce dole sai mutum ya yi sayayya kafin ya tsaya. Abundio ya riƙa sayen biskit ɗin da ba ya so, ya zauna cikin mota da tsakar rana, lokacin da fasinja ke cika titi, yana kallon lambar batir tana rarrafe.

A tasha kuwa ya zama abin nishaɗi.

"Ga mai injin wanki nan!"

"Don Abundio, wayata ta cika, in sammaka?"

"Bar shi, yau ma a kanti zai wuni. Sun kusa ba shi aikin tura kwando."

Yana mayar musu, don bakinsa bai mutu ba. "Ku yi ta shan hayaƙi, ni kuwa zan zo jana'izarku ba tare da na tayar da gawa da ƙara ba." Amma ranar da wata mata mai akwatuna ta ce a kai ta garin Toluca, tafiyar da take daidai da aikin wuni guda, ya dubi lambar batir ya dubi duwatsun da ke tsakani, ya ce ba zai iya ba. Yana ji yana gani wani mai tsohuwar mota mai tari ya kwashe ta, har yana ɗaga masa hannu.

Wata Asabar haƙurinsa ya ƙare. Ya sayi doguwar waya, ya jona a soket ɗin ɗakin girki, ya zuro ta ta taga tun daga hawa na huɗu har keji. Ofelia tana kasuwa. Ba a jima ba sai ji aka yi ɗau! Wuta ta ɗauke a gidansa, ta ɗauke a hawa na uku da na biyu, injin waldar Baldomero ya yi shiru, har 'yan fitilun da ke kewaye da gunkin Budurwa Maryamu a ɗan ɗakinta na tsakar gida suka mutu. Baldomero ya fito a guje, fuskarsa ta yi fari.

"Cire! Cire ta, kompadre, don girman Allah!"

Abundio ya cire. Ya yi mamakin yadda soket ɗinsa guda zai kashe wutar gidajen da kowanne ke da mitarsa, amma Baldomero ya ce tsohon gini ne, wayoyinsa sun cakuɗe, shi kuwa ya yarda. Da yamma Doña Petronila ta hau bene da sandarta, ta huta a kowane hawa, ta ce masa wannan magana ta fi ƙarfin mutum biyu. Filin tsakar gida na kowa ne, kamfani ma ba zai taɓa shi ba sai da yardar mazauna. Za a kira taro ranar Lahadi bayan coci.

Abundio ya ji daɗi ma. Mutanen nan wa bai kai asibiti kyauta ba a cikinsu? Wa bai ɗauko wa kaya daga kasuwa ba? Ya goge takalmi, ya sa farar riga.

Aka jera kujerun roba a inuwar bene. Ƙa'idar taron ta daɗe: gida ɗaya, hannu ɗaya, kuma hannun wanda gidan yake da sunansa. Gidansu Ofelia ce ta gada daga mahaifiyarta, don haka ita ke ɗaga hannu, shi nasa magana. Ya kuwa yi ta. Ya ce mitar tasa ce, ko kwabo ba zai shiga kuɗin wutar kowa ba. Ya ce ma'aikatan kamfani ne za su yi aikin da hannunsu, a kan ƙa'ida, su duba komai su tabbatar lafiya. Bai lura ba cewa duk lokacin da ya ce "su duba komai", sai wani ya gyara zama.

Wata mata ta ce ta ga irin motocin nan a waya suna ci da wuta, ruwa ma ba ya kashe su. Wani ya ce ɗan'uwan abokinsa ya ce suna jawo tsawa. Wani tsoho ya ce shi dai tun da motar ba ta da ƙara, wata rana sai ta taka jikarsa. Abundio ya amsa musu ɗaya bayan ɗaya, har yana ba su dariya. Da ya gaji ya juya.

"Ga kompadrena nan, bangonsa ne, shi ya fi kowa kusa da motar. Kompadre, gaya musu."

Baldomero yana kallon ƙasa tsakanin takalmansa. "Abin da jama'a suka ce," in ji shi.

Doña Petronila ta buga sanda. Waɗanda suka yarda su ɗaga hannu. Wani malamin makaranta da bai daɗe da tarewa ba ya ɗaga, ya waiwaya ya ga shi kaɗai ne, ya mai da hannun ya sosa ƙeya. Abundio ya dubi Ofelia. Hannayenta suna cikin aljihun rigar aikinta. Ya ɗauka ba ta ji ba, har ya yi mata alama da gira.

"Waɗanda ba su yarda ba."

Hannuwa suka tashi ta ko'ina, na mutumin da ya kai asibiti da na matar da yake ɗauko wa kaya. Na Baldomero ya tashi, baƙi da tabon walda, mai shi bai ɗago kai ba. Sannan na Ofelia ya fito daga aljihu, a hankali, ya tsaya daidai kafaɗarta. Ba ta kai shi sama ba, amma Doña Petronila ta ƙirga shi.

Abundio yana nan tsaye da farar rigarsa mutane suka tattara kujeru, kowa yana wuce shi ta gefe, babu mai haɗa ido da shi. Bai bi matarsa sama ba. Ya bi Baldomero har cikin wurin aikinsa ya ja ƙofa.

"Ka ce in ɗauki bango. A gaban 'yarka ka faɗa."

"Na faɗa."

"To me na yi maka? Gaya mini, me na taɓa yi maka ban da alheri?"

Baldomero ya share fuska da tafin hannu. "Zo ka gani."

Tsakar gida ta watse, kowa ya shige cin abinci. Ya kai shi ɗan ɗakin Budurwa da ke manne da kusurwar bangon, inda Abundio yake tsayawa kowace safiya ya yi alamar gicciye kafin ya fita aiki. Baldomero ya yi tasa alamar, ya ce, "Gafarta mini, Uwa," ya kawar da tulun furanni, ya zare allon katako mai shuɗin fenti da ke bayan gunkin. Akwai rami a bangon, cike da wayoyi sun nannaɗe kamar taliya. Wata mai kauri ta taso daga ƙarƙashin ƙasa, daga wajen turken titi, sauran suka rarrabu suka hau cikin ginin.

"Babana ne ya fara ja, ni na ƙarasa," in ji Baldomero. "Injin waldata a nan yake. Injin wankin Doña Petronila, da murhun masu sayar da abincin tamales na hawa na biyu, kusan kowa. Mitocin da ke bakin ƙofa fitila kawai suke ƙirgawa. Wayarka ta nan za ta bi, kompadre, babu wata hanya. Ranar da ma'aikatan kamfani suka sa guduma a bangon nan, tarar shekara da shekaru za su ɗora mana, wasu har gidansu sai ya tafi."

Abundio ya daɗe yana kallon ramin. "Shekara nawa ina gidan nan?"

"Ka daɗe."

"Kuma kowa ya sani sai ni."

"Kompadre, kai ma ka san bakinka. Mutum ya shiga motarka daga nan zuwa kasuwa, ya fita ya san kalar zanin gadonka. Wata rana ma'aikacin kamfani za ka ɗauka. Ba don ƙi ba ne, an ga dai gara a bar ka."

"An gani. Su wa suka gani?"

Baldomero ya mai da allon, ya gyara furanni.

"To ka ce mini a'a mana! Me ya hana ka ce a'a tun motata tana da rai?"

Nan Baldomero ya juyo, shi ma ransa ya ɓaci. "A ina zan ce? Ka biya makaɗa, ka yi rawa da 'yata, ka ɗauki abin magana a gaban dangina da dangin matata. Ka ɗaure ni hannu da ƙafa sannan ka tambaye ni. In ce a'a a wurin, Noemí ta ɗaga kai a unguwar nan? Kai ka san yadda ake yi, kompadre, kai ka zaɓi wurin."

Gaskiya ce, kuma ita ta fi ƙona Abundio. Amma bai sake ba. "Gari ya waye ai. Hawa huɗu ne tsakaninmu, da ka hau ka faɗa mini."

"Na aika."

"Ka aika wa?"

"Da sassafe na tare komadre Ofelia a matakala. Na ce ta hana ka, ta kowace hanya, kada ka kai motar nan a niƙe. Ta ce za ta san yadda za ta yi." Ya nuna allon da haɓa. "Firizoginta biyu ai a kan wayar nan suke. Ni na ja mata, shekarar da ka kwanta da gwiwa."

Abundio ya hau matakala yana riƙe da ƙarfe. Ofelia ta zuba abinci ta rufe, tana zaune a gefen kujera, hannayenta a cinya. Firizogin suna ta gurnaninsu a falo. Sai a lokacin ya tuna sau nawa ya yi wa fasinja alfahari cewa matarsa ta iya tattalin wuta, firiza biyu amma takardar kuɗi kamar ta mai ɗaki ɗaya. Kunya ta rufe shi tun daga ƙafa.

"Kin sani," ya ce.

"Na ce maka ka bari sai bayan damina."

"Damina! Wannan ita ce maganar? Ana ce miki gida zai ci wuta, ke kuma ki ce mini yau akwai zafi?"

"In na gaya maka dalili, da la'asar tasha ta ji."

"Ni mijinki ne, Ofelia, ba yaron maƙwabta ba."

"Na sani." Ta gyara murfin kwanon. "Na yi ta cewa gobe zan faɗa. Sai in ga kana hawa bene kana waƙa, rabon da in ji ka kana waƙa tun kafin mamarka ta rasu. Na ce wataƙila hukuma ta ƙi ba ka motar, wataƙila ka huce da kanka. Rannan ka dawo ka ce an niƙe ta. To me zan ce kuma?"

"Yau fa? Ko hannun ba za ki iya bari a aljihu ba?"

"Doña Petronila ta ce kowa ya ɗaga, don kada a ce wane ne ya hana. Wata bakwai kana kwance, tsoho, firizogin nan ne suka ciyar da mu. Ba zan ci da mutane in zame ranar da aka zo ƙirga ba."

"Sai ki zame mini ni."

Ya jira, ya ƙara jira, don da ta ce masa ko ƙarya ce da ya karɓa. Ta miƙa hannu ta buɗe masa kwanon abinci.

Washegari ya tuƙa har ƙofar ofishin kamfanin wuta. Magana ɗaya zai yi a ciki a fasa bangon, a yanke wayoyin, shi kuma ya samu mitarsa a kan ƙa'ida. Ya zauna yana kallon masu shiga da fita, yana tuna hannuwan nan ɗaya bayan ɗaya, kuma Allah ya sani ransa ya so. Amma ya tuna Noemí, da ya yi alkawari a gaban fada zai zame mata uba, ya tuna tarar da za ta fara sauka a gidan da Ofelia ta gada. Batir yana ta raguwa. Ya juya ya tafi kanti ya bi layi.

Abin da ya ba mutane mamaki shi ne shirunsa. Tsofaffin fasinjojinsa suka riƙa tambaya ko lafiya, ya ce lafiya. 'Yan tasha suka yi ta tsokana ba ya mayarwa, har abin ya daina yi musu daɗi suka bari. Da safe yana fitar da mota daga keji Baldomero yakan ce, "An tashi lafiya, kompadre?" shi kuma ya amsa yadda ya kamata, ba ƙari ba ragi.

A ƙarshe wani mai facin taya a Chalco, can bayan gari, ya ce yana da fili mai katanga da mitarsa ta halas, in Abundio zai biya abin da ya sha, ga soket. Motar tana kwana a jone kafin ta cika. Daga Chalco zuwa gida mota biyu ce ta haya, kuma kafin ya dawo da safe fasinjan farko sun wuce. Akwai wani ɗan ɗaki na kwano a filin, inda ake ajiye tsofaffin tayoyi. Abundio ya share shi ya sa katifa. Ya ce wa Ofelia saboda mota ne, kuma kowa ya ga hujjarsa. Da farko yana zuwa gida tsakiyar mako ya ci abinci ya sauya kaya. Daga baya ya kwashe kayan.

Wata Lahadi da hantsi sai ga ta a bakin ƙofar filin, da jaka a kowane hannu, takalminta duk laka. Ta hau mota biyun nan ta ƙarasa da ƙafa. Ya karɓi jakunkunan, ya kawo mata taya ta zauna. Ta kawo miyar pozole a tukunya da wankakkun riguna. Ta dubi ɗakin kwanon, ta dubi katifar a ƙasa, ta kau da kai.

Suka ci. Ta ba shi labarin gida: Noemí ta ci jarrabawa, tana tambayarsa, surukar Baldomero ta warke, wani ya nemi a ba shi hayar kejin tunda babu komai a ciki, ita ta ce a'a. Yana ta cewa to, madalla.

Motar tana gefensu a jone da bango. Akwai 'yar fitila kusa da inda wayar ta shiga, Ofelia ta nuna ta da cokali.

"Wannan fa, me take nufi?"

"In tana ja tana ƙiftawa, tana sha. In ta koma kore ta cika."

Suka ci gaba da ci. Ta wanke tukunya a famfon mai faci, ta goge, ta mayar cikin jaka. Ta tsaya tana gyara mayafinta fiye da yadda yake buƙata.

"Tsoho, yau Lahadi ce, ba aiki. Ka kai ni gida mana, ka kwana. Na sauya zanin gado."

Abundio ya ɗauki jakar ya miƙa mata. "Da na so," ya ce. "Ba ta cika ba tukuna."

Ofelia ta juya ta dubi fitilar. Kore ce shar, tun suna tsakiyar cin abinci ta sauya. Ta dube ta da kyau, sannan ta dubi mijinta, shi kuma ya tsaya yana kallonta bai kau da ido ba.

"To," in ji ta. "In ta cika."

Ya raka ta bakin titi, ya tsaya tare da ita har motar haya ta zo, ya riƙe mata jaka ta hau.